Neman shawara: mu uku za mu haɗa kuɗi mu sa sola a shagunanmu

Tela daga Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shagona na jere da na mutum biyu, ɗaya mai injin surfani na kwamfuta, ɗaya mai wanki da guga. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ke cinye mana riba, ga hayaƙi ga ƙara, yaran shago kullum cikin ciwon kai. Mai surfani ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sa sola babba a rufin ginin, a ja wa kowa waya. Ni zan kawo rabi, su kowa rubu'i. Har ya ce in ta yi kyau mu riƙa karɓar kwangilar yunifom ɗin makarantu tare: ni ɗinki, shi bajo, wancan guga. Abin ya kwanta min, sai dai mahaifina ya ce haɗa dukiya ke raba zumunci. Ginin kuma na haya ne. Me kuka gani?

Mai haɗa sola: Wa alaikumus salam. Maigida, rigimarku tana wajen mai guga. Dutsen guga ɗaya na jan wat 1000 ko fiye, ga shi rubu'i kawai zai kawo. Ku sa wa kowane shago ƙaramar mita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. Guga a yi shi da rana tsaka lokacin da farantan solar ke ba da wuta, kada a ɗora shi kan batir da dare. Kai kuma in kekunanka masu tsohuwar motar lantarki ce mai juyawa ko ba a ɗinki, canza su zuwa servo, wadda sai ka taka take jan wuta. Wannan kaɗai zai rage girman solar da za ku saya. Sannan tun yanzu ku san wa zai riƙa hawa rufi yana goge ƙurar hunturu.

Maman 'yan biyu: Ɗana, ni na taɓa wannan da ƙawata a sana'ar ƙanƙara. Lafiya lau muke har ranar da batir ya mutu. Ta ce firijina ne ya kashe shi, na ce nata ne, ga ba mu ajiye ko sisi don gyara ba. Yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Batir dole ya mutu wata rana, na ruwa ya fi saurin tafiya, lithium ya fi daɗewa amma da tsada. Ku buɗe asusu daban, duk wata kowa ya zuba, kuma kada kuɗin su zauna a aljihun mutum ɗaya komai amanarsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Ɗan Kwari: Ni dai ina bayan Baba. Sayi ƙarama taka kai kaɗai ka huta.

Malamin islamiyya: Ɗan Kwari, ƙananan sola uku sun fi babba ɗaya tsada, kuma shari'a ba ta hana tarayya ba. Malam tela, abu biyu ka kawo, kada ka cakuɗa su. Solar dukiya ce da kuka mallaka tare, kowa da kasonsa. Kwangilar yunifom kuwa tarayya ce ta aikin hannu, kuma malaman Malikiyya sun halatta ta in sana'ar ɗaya ce ko ɗaya na dogara da ɗaya, kamar taku, a raba gwargwadon aikin kowa. Rabin da ka zuba a sola ba zai ba ka rabin kuɗin yunifom ba. Ku rubuta takarda biyu, da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Lauya: Ƙari kan maganar Malam. In kun yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, bashin da ɗayanku ya ci da sunan haɗakar zai iya hawa kanku duka, har dukiyarka ta gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo nau'in tarayya mai iyakantaccen alhaki, LLP, ku duba shi in kwangilar ta girma. Abin gaggawa shi ne mai ginin: ya sa hannu cewa farantan naku ne, za ku kwance su ranar da kuka tashi. A takardar kuma ku faɗi yadda za a yi wa kayan kuɗi in wani zai fita ko ya rasu, domin magada ba su san wata yarjejeniyar baka ba.

Tela daga Kano: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tuntuɓi mai ginin, ya yarda, amma ya ce sai an ja masa wuta zuwa ofishinsa kyauta.

Mai haɗa sola: Ba laifi, amma shi ma a sa masa mita, a rubuta fitila da fanka kawai. In ba haka ba watan Afrilu za ku tarar ya ɗaura AC.