Ni AS shi AS kuma an riga an sa rana, dan Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Shekara uku muna tare da ɗan gwaggona, an sa rana bayan babbar Sallah, akwatunan lefe ma suna ɗakin Umma. Tun ina sakandare aka min gwajin jinotayif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum ya gaji sikila, a wani ƙaramin ɗakin gwaji na unguwarmu aka ce AA ce ni, ban gaje ta ba, takardar na nan har ta yi ja don ajiya, shi kuma dama ya san AS ne, wato yana ɗauke da ita amma ba ya ciwon. Satin da ya wuce muka je gwajin kafin aure sai ga nawa ya fito AS. Wlh a kan bencin asibitin na zauna na kasa tashi. Shi cewa yake ai ɗaya ne cikin 'ya'ya huɗu zai fito SS, wato mai ciwon sikila, in mun tsaya a 'ya'ya uku shikenan, wani abokinsa kuma wai ya san inda za a rubuta min AA. Ban faɗa wa Baba ba har yanzu. Wace takarda zan yarda da ita, kuma ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ƙanwata jinotayif ba ya canzawa, abin da kika gado wajen Umma da Baba shi ne har abada, don haka ɗaya cikin takardun nan kuskure ce kuma na fi zargin tsohuwar. Ƙananan wurare da yawa gwajin sikilin kawai suke yi, a ɗiga sinadari a jini a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe, in sinadarin ya kwana biyu sai ya nuna ba komai a rubuta wa mutum AA. Ku je babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ku biyun ku nemi gwajin jinotayif da ake kira HPLC, ya fi gwajin da aka saba yi na elektroforesis tantancewa, yana kama har sauran nau'o'in jinotayif irin su AC da SC. In an yi wa ɗayanku ƙarin jini cikin wata ukun nan ku faɗa musu don yana rikita sakamako. Sannan lissafin angon naki ba daidai ba ne, ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne, kowane ciki sabon lissafi, ba layi yaran suke bi ba. Ana iya haifar uku a jere duk SS.

Uwar mai sikila: 'Yar uwa ni ba labari aka ba ni ba, yarana huɗu biyu SS ne. Kin taɓa ganin yaro ɗan wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum yana tsala ihu, ki ɗauke shi ihu ki ajiye shi ihu? Da sanyin hunturu ya shigo jakar asibiti a bakin ƙofa take kwana, fulas ɗin ruwan zafi da bargo a ciki, ƙarfe biyun dare mu fita neman ɗan adaidaita. Ga magunguna, folik asid da Paludrine da hydroxyurea kullum, ga neman jini ka bi dangi kana roƙo. Rannan babbar ta kalle ni idonta ya yi ɗorawa shar ta ce Mama kun san haka zai faru kuka yi auren? Mu lokacinmu ba a gwaji, ina da amsar ba ta. Ke me za ki ce? Da mijina muna son juna har gobe amma wlh soyayya ba ta rage wa yaro ciwon ƙashi.

Wani ɗan uwa: Ni dai na san masu AS biyu da yaransu biyar ba mai sikila ko ɗaya. Cuta da lafiya na Allah ne, a yi istihara.

Wani malamin makaranta: Malam gaskiya ne, amma wanda ya tambayi Annabi (SAW) kan raƙuminsa ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Batun takardar bogi kuwa ƙanwata ko kusa. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin kafin aure ta Kano, jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta duk suna ciki, kuma akwai tara da ɗauri. Ni damuwata da dokar ita ce ta tilasta takarda amma in ba a sa ido kan masu gwajin ba irin abokin nan ne za su samu kasuwa.

Mai sikila, shekarata 29: Ina karantawa, dan Allah a daina maganarmu kamar gawa, na gama digiri ina aiki. Amma Anti ba zan so wani ya sha abin da nake sha ba. In kun dage akwai gwajin ɗan tayi wajen sati 11 zuwa 13, ana ɗebo ɗan yankin mabiyiya a duba, Gidauniyar Sikila da ke Legas na yi, sai dai in ya fito SS me za ku yi da cikin? Wannan tambaya ce ta malamai da zuciyarki. Akwai kuma IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, da ake gwada ƙwan kafin a dasa a mahaifa, kuɗinsa miliyoyi ne kuma ba lallai ya kama a karon farko ba. Ki tambaye shi tsakani da Allah ko yana da wannan ƙarfin.

Mai neman shawara: Na gode Allah ya saka da alheri, Maman yara kin sa ni kuka wlh. Na kira shi na karanta masa maganar kowane ciki, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce mu je Litinin a yi HPLC ɗin. Na faɗa wa Umma, ta ce kar a taɓa akwatunan, in ya sake fitowa AS ita da Kawu za su je wajen Gwaggo da kansu. Ƙannena uku ma za mu tafi da su a gwada su.