Neman kalma: me za mu kira "kis-kot" da "dai-kot" da Hausa?

Malamar Sana'a: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Ranar Asabar zan koyar da wasu mata masu ƙananan sana'o'i, masu zoɓo da kunun aya da yaji da humra, yadda za su zaɓi sitikar da za su riƙa manna wa kayansu. Gobe Alhamis kafin la'asar dole in miƙa wa mai bugawa takardar darasin. Na mayar da komai Hausa, kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya.

Kun san sitika hawa biyu ce: ta sama mai zane da gam, sai takardar baya mai santsi. Idan wuƙar inji ta yanke ta sama kaɗai ta bar ta bayan lafiya lau, Turawa na cewa kis-kot. Idan ta ratsa su duka har sitika ta faɗo ita kaɗai da siffar zanenta, dai-kot ke nan. Mu fa me za mu ce? Don Allah ban da dogon jimla, abin da Hajiya mai zoɓo za ta riƙe ta je shago ta faɗa nake so.

Ɗan Fagge: Anti ai fassara kawai za ki yi. Yankan sumba da yankan mutuwa. An gama.

Maman Biyu: Kai dai Allah ya shirye ka. A tara matan aure a ce yau darasinmu yankan sumba? Daga nan sai yankan ƙauna.

Mai Shagon Buga Takardu: Wa alaikumus salam Malama. Ɗan Fagge, wannan "dai" ɗin ba ta mutuwa ba ce, sunan wani ƙarfe ne. Ana lanƙwasa siririn ƙarfe mai kaifi a kan siffar da ake so, a dasa shi cikin katako, inji ya danna shi a kan takarda, kamar yadda mata ke fitar da donat da bakin kofi. A shago kuwa babu mai cewa kis-kot. Haf-kot da ful-kot muke cewa, kuma haf-kot ɗin ma shi ke cikin littattafan wasu injinan. Don haka ni a gani na: rabin yanka da cikakken yanka.

Maman Biyu: Rabin yanka? Wallahi in ka ce wa mace za a yi mata rabin yanka, rabin kuɗi za ta miƙo maka. Kuma ni ina jin kalmar rago nake hangowa yana shure-shure.

Badamagare: Kanawa ku matsa, manya sun iso. Mu nan sitika otokolan ce, kuma da Faransanci ana ce wa na farkon "mi-sher", wato rabin nama, na biyun "pilen-sher", cikakken nama. Kenan Mai Shago bai yi nisa da hanya ba. Amma tunda Bafaranshe ya kawo zancen nama da fata, ai mu muna da gwanayen wannan aiki tun kaka da kakanni. Wanzami in zai yi ƙaho, fata kawai yake taɓawa da askarsa, ba ya zarcewa. Me ake ce wa wannan? Tsaga. Ku ce yankan tsaga, ko tsaga kawai.

Malamar Sana'a: Kai, wannan ta kwanta mini. Tsaga.

Tsohon Malamin Hausa: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kuna ta neman sunan yanka, alhali abin da ake yankawar kun bar shi da sunan aro. Mece ce "sitika"? Wannan ya ce otokolan, wancan ya ce donat. Hausa ba ta mutu ba. Muna da liƙa, muna da manna. Kamar yadda ake cewa mantau ga mai yawan mantuwa, makarau ga mai makara, abin da ke liƙewa sunansa liƙau. Na daɗe ina faɗin wannan a wurare da dama. Malama ki rubuta liƙau a takardarki, matan nan su ji ta daga bakinki, shekara biyu ta zama gari.

Ɗan Fagge: Baba liƙau kuma? Mu a unguwarmu mutumin da ke maƙale wa mutane ba a gayyace shi ba shi za a kira haka.

Tsohon Malamin Hausa: To ai ka ga ma'anar ta fito ke nan, yaro. Da aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, da irin wannan aikin aka ɗora mata, daidaita rubutu da tace kalmomi. Waɗanda suka ce jirgin sama da jirgin ƙasa ba su fi mu kai ba, kishi suka fi mu.

Maman Biyu: Ranka ya daɗe, ai su ma sun bar mana mota da tebur da makaniki, kuma ba mu mutu ba. Shekara nawa gidajen rediyo na cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa? Je ka kasuwa ka ce a ba ka cajar na'ura mai ƙwaƙwalwa ka ga kallon da za a yi maka. Kalmomin da suka kama gari ba daga ofis suka fito ba. Dafa-duka, faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal, wa ya zauna da biro ya ƙirƙiro su?

Badamagare: Baba kuma in za a tace, a fara da Kanawa. Ku kun ɗebo na Ingilishi mu mun ɗebo na Faransa, amma kullum namu ne ake wa dariya. A 1980 a Yamai aka zauna aka daidaita rubutun Hausa na Najeriya da Nijar, ba a Kano ba.

Ɗan Fagge: Masauki kuka bayar, daidaitacciyar Hausa dai ta Kano ce.

Malamar Sana'a: Jama'a don girman Allah, gobe ne fa. A bar Kano da Damagaram su huta. Baba na gode, amma matan nan sitika suka sani, kuma shagon da za su je sitika ya sani. Tsaga fa, akwai mai ja?

Tsohon Malamin Hausa: Akwai. Ana tsaga itace, bango na tsagewa, ƙasa na tsagewa. Duk waɗannan rabuwa biyu ne har ƙasa. Wanda bai yi tunanin wanzami ba zai ɗauka kishiyar abin da kike nufi.

Mai Shagon Buga Takardu: A nan Baba yana da gaskiya. Kuma bari in ƙara wani abu, domin ina ganin Turancin ne ya rikita mu. Tambayoyi biyu ne aka cusa a kalma ɗaya: zurfin yankan, da abin da aka yi yankan da shi. Wancan ƙarfen da na faɗa, ana iya saita shi ya taɓa ta sama kawai, haka ma ake yin lakabin da ke zuwa a naɗe a kan kwalabe na kamfanoni. Sannan yawancin abin da ƙananan shaguna ke kira dai-kot yau babu ƙarfen a ciki sam. Kota ce, ƙaramar wuƙa da kwamfuta ke ja tana bin layi, irin su Cricut da Silhouette Cameo na kan tebur, ko manyan Graphtec da Roland. Ana buga zanen da wasu alamomi baƙaƙe a kusurwoyin takarda, injin ya karanta su da idonsa, sannan ya bi gefen zanen. Wuƙa ɗaya ce ke yin duka biyun, ƙarfin dannawa da tsawon bakinta ake sauyawa.

Malama abin da matanki ke bukatar ji shi ne wannan. Mai zoɓo da za ta manna wa gora ɗari kafin rana ta yi, a bar mata takardar baya. Sitika ashirin ko talatin na kan shafi ɗaya, ta ɗan lanƙwasa shafin bakin ya ɗago, ta ɗaye ta manna. In aka yanke mata ɗai-ɗai, a kowace sai ta tsaya tana neman baki da farce. Kuma zane mai tsini ko siraran rassa takardar baya ce ke kare shi. Mai humra kuwa da ke son jefa sitika ɗaya mai siffar kwalba a ledar kwastoma a matsayin kyauta, ita ce ta ratsawa ta dace da ita, ta fi kyau a ido. Sai dai ta fi cin lokaci da bakin wuƙa, shi ya sa kuɗinta kan ɗara. Ƙarfe kuma sai wadda za ta buga dubbai masu siffa ɗaya, domin kuɗin ƙera shi daban ne, kuma ranar da ta sauya siffa ya tashi aiki. Mai yaji da lakabinta murabba'i ne, gilotin ma, wato babbar wuƙar datse takarda a miƙe, ta ishe ta.

Abu biyu ki ƙara. Launin zane ya ɗan wuce layin yanka da milimita 2 zuwa 3, don in wuƙa ta ɗan goce kada farin gefe ya fito. Kuma duk wanda ya ce zai yanka sitikar roba ta PVC da leza, injin da ke yanka da haske mai ƙuna, a guje shi, hayaƙinta na da kulorin, yana cutar da huhu yana cin ƙarfen injin.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri Mai Shago. Ni da an gaya mini haka bara da ban yi asara ba. Na sa aka yi mini na takarda ɗai-ɗai, na sha wahalar ɗayewa, na jefa gorunan cikin ƙanƙara, kafin azahar duk sun jiƙe sun saɓule. Malama ki ce musu abin da zai shiga ruwa a yi na roba.

Kuma tunda na ambaci dafa-duka ɗazu, me zai hana na biyun ya zama yanka-duka? Na farkon kuma yankan sama.

Badamagare: Yanka-duka ta yi, ban da ja. Amma yankan sama ba gishiri. Tsagata fa?

Ɗan Fagge: Bar-baya. Yanka-duka da bar-baya. Ko yaro ya ji ya gane.

Tsohon Malamin Hausa: Ginin yanka-duka ginin Hausa ne, fi'ili da abin da ya faɗa wa, ba zan ƙi ta ba. Bar-baya kuwa, wanda ya mutu ya bar 'ya'ya shi ake cewa ya bar baya. Yaron nan dai sai ya dawo da mu wajen mutuwa. In dole ne, yankan sama ta fi, ko da yake kwatance ce ba suna ba. Amma a rubuta yankan liƙau a kan darasin.

Malamar Sana'a: To ga abin da zan kai gobe. Yankan sama, wanda ake barin takardar baya. Yanka-duka, wanda sitika ke fitowa ɗai-ɗai. A gefe zan rubuta musu haf-kot da ful-kot saboda shago. Badamagare, zan yi misali da tsagar wanzami da baki a aji, ba za ta tafi a banza ba. Baba ka yi haƙuri, sitika na rubuta, amma zan faɗi liƙau in ji abin da za su ce. Saura sunan ƙarfen nan, na sa "ƙarfen siffa" na wucin gadi.

Mai Shagon Buga Takardu: Ƙarfen siffa ba laifi, sai dai ni ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Wasu za su so mazubi, irin na bulo, amma wancan zubawa ake yi, wannan yankawa.

Tsohon Malamin Hausa: Mayanki. Kuma in matan sun karɓi liƙau a dawo nan a faɗa, kada a ɓoye.

Ɗan Fagge: Baba mayanki ai har almakashi ne.

Malamar Sana'a: Na riga na tura wa mai bugawa. Wanda ya samo na ƙarfen kafin Asabar ya ajiye mini a nan, sai in gyara a allo.