Yaa Asantewaa ko St. Louis, kwana ko jeka-ka-dawo? Ina neman shawarar waɗanda suka sani

Maman Ƴan Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe na JHS, wato ƙaramar sakandare, a makarantar gwamnati a nan Kumasi ta Ghana, an ba su takardar zaɓen babbar sakandare a cike a mayar ranar Litinin. A jarrabawar gwaji ta samu jimla 11, sayans take so, burinta aikin asibiti. Kakarta ta ce sai makarantar kwana ta mata zalla, irin ta da mai tarbiyya. Babanta ya ce jeka-ka-dawo, ta riƙa kwana a gabanmu. Tambayata biyu ce: tsakanin Yaa Asantewaa da St. Louis, makarantun matan nan biyu na Kumasi, wacce zan sa a farko da wannan maki, sannan tarbiyyar da ake ba da labari tana nan har yanzu? Kuɗin kaya ma ina so in san abin da zan tanada.

Ɗan Sawaba:
Wa alaikumus salam. Ki kai ta Wesley Girls a Cape Coast kawai. Tun 1836 take, can Georgina Wood ta yi, mace ta farko da ta zama babbar alƙaliyar ƙasa a 2007, can kuma mataimakiyar shugaban ƙasa Naana Opoku-Agyemang ta yi.

Malamin Lissafi, Asawase:
Ɗan Sawaba, baiwar Allah ta ce maki 11 da sayans a Kumasi, kai ka tafi bakin teku. Hajiya, ga yadda abin yake. Ana haɗa darussa shida ne, huɗu na dole da biyu mafi kyau daga sauran, kowanne daga 1 zuwa 9, 1 shi ne mafi kyau, saboda haka jimla 6 ita ce ƙololuwa. Makarantun an kasa su aji A da B da C, kuma a shekarun nan ɗaya tak ake yarda a ɗauka daga A, B kuma kada ya wuce biyu. To biyun da kika ambata duk A ne, ba za su zauna a takarda ɗaya ba. Kwamfutar da ke rabon, wadda aka fara aiki da ita tun 2005, tana jera duk masu neman fanni ɗaya a makaranta ɗaya, ta ɗebi na sama har gurbi ya cika. Sayans na kwana shi ke fara cika. Abin da zai taimaki ɗiyarki shi ne kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu da ake ware wa 'yan makarantun gwamnati. Kuskuren da ya fi yawa a zango: a ɓata lokaci kan zaɓi na farko, na biyu da na uku a bar malamin aji ya cike da abin da ya ga dama. Yawancin yara kuwa a nan suke faɗawa.

Tsohuwar Malama, Tafo:
Ɗiyata, kakar yarinyar ba ta yi ƙarya ba, amma ku san mene ne ya gina matan da. St. Louis ta Oduom 'yan sista na Katolika suka buɗe ta a 1952. Yaa Asantewaa ta Tanoso a 1960 aka kafa ta zamanin Nkrumah, shekara ɗaya da Accra Girls da Mfantsiman Girls, aka sa mata sunan sarauniyar Ejisu da ta ja yaƙin 1900. A zamanin da, da jarrabawar Common Entrance ake shiga sakandare, a yi shekara 5 a rubuta jarrabawar O Level, mai ƙoƙari ta ƙara 2 ta rubuta ta A Level. Shekara 7 ke nan yarinya tana hannun malamai guda. Gyaran tsarin ilimi na 1987 ne ya mayar da shi 3.

Ranar ɗaliba tun kafin gari ya waye take farawa. Ƙararrawa, bokiti, wanka da ruwan sanyi, sannan kowa da yankin da za ta share ko ta goge, kuma siniya ta bi ta duba. Koko ko ruwan shinkafa da burodi, aji har wajen ƙarfe 2, abinci, kwanciyar rana ta dole ko da barci bai zo ba, wasanni ko aikin lambu, sai karatun dare na awa 2 wanda ko tari ba a so a ji. Asabar duba ɗaki: zanen gado a ja shi ya miƙe ba ƙunci, takalmi a jere, farce a yanke. Kowace sabuwa ana haɗa ta da uwar makaranta daga manyan aji, ita ke koya mata ninke kaya da rabon garin rogonta ya kai ƙarshen zango. Ko a yunwar 1983, da fari da gobarar daji suka cinye gonaki aka koma cin jar masara ta agaji, wannan karatun dare bai tsaya ba. Ni a ganina awa biyun nan na kowane dare, shekara da shekaru, su suka fitar da likitoci da alƙalai. Yarinyar jeka-ka-dawo a Aboabo, da magariba tana ɗibar ruwa, tana talla ko tana goyon ƙani, ina za ta samu awa biyu shiru?

Ɗan Sawaba:
Mma, kin manta babban darasi: jiƙa gari da sukari da gyaɗa cikin duhu ba tare da cokali ya yi ƙara ba. Wannan ma A1, maki mafi kyau, ake ci.

Hajiyar Alabar:
Maganar kuɗi. Adakar ƙarfe sidi 350, akwatin katako na abinci 200, katifar ɗalibi mai rigar leda 450. Da bokiti da zanen gado biyu da gidan sauro da sandal da kayan ci, ki riƙe 3,000.

Tela, Akwatia Line:
Hajiya wannan farashin shagunan Adum ne, tsakiyar gari. Wurin maƙera adaka ba ta wuce 220, kafinta kuma zai buga akwatin abinci a 120. Da 1,800 an gama.

Hajiyar Alabar:
Ta 220 gwangwani ce, Malam. A zauna a kanta sau biyu murfin ya lotsa, ƙugiyar kwaɗo ta ɓalle. Arha ba ta ado.

Uwar Marayu, Moshi Zango:
Ku bar maganar adaka, ku ji abin da ya fi ta. Yarinyar gidan da ke jikin namu, marainiya, maki 9 ta ci. An sa ta a makarantar da ba a so, sai wani mutum mai yawo da jaka a ƙofar wata makarantar mata ya ce yana da hanya a ciki. Ya karɓi sidi 4,000, kuɗin adashin uwar na shekara. Ya kawo takarda mai hatimi, aka sayi kaya, aka ɗinka riguna, yarinya ta tare. Tana aji, tana cin abinci, har gado an ba ta. Sai da aka zo tantance sunaye da lambar jarrabawa aka ga ba ta cikin jerin da aka turo daga Accra, takardar ta jabu ce. Aka fito mata da adaka bakin ƙofa gaban ƙawayenta. Gurbinta na gaskiya kuwa, da yake ba ta je ta yi rajista a kan lokaci ba, ya tafi. Mutumin ya kashe waya. Yarinyar da ke son zama likita yanzu tana tsaron shagon wani a kasuwar Kejetia, uwar kuma har yau hawan jini. Duk wanda ya ce miki a kawo kuɗi a gyara, ɓarawo ne. Takarda ɗaya ce ta gaskiya, wadda za ki buga da kanki daga shafin rabon da lambar yarinya. In ba a sa ta ko'ina ba, shafin yana buɗe mata ta zaɓi inda gurbi ya rage, kuma ba dillali a ciki.

Maman Ƴan Biyu, Aboabo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya saka mata. Yaya, ba a kai ƙara ba?

Uwar Marayu, Moshi Zango:
Da wace shaida? Hannu da hannu aka ba shi, ba rasit. Kuma uwar tana tsoron a ce ita ma ta ba da cin hanci. Abin da ya fi ƙona min rai, a zauren masallaci aka gabatar mata da shi.

Alhaji Mai Goro:
Allah Ya isa. Shi ya sa nake cewa mace ta zauna kusa da gida. Islamic Senior High tana nan Abrepo, T.I. Ahmadiyya tana nan tun 1950, mota ɗaya ko biyu.

Nas, Bantama:
Baba Alhaji, da girmanka, damfara ba ruwanta da kwana ko gida. Kuma waɗannan biyun maza da mata ne, ita ta mata zalla ta tambaya. 'Yar uwa, tunda asibiti take so, fanni ya fi sunan makaranta. Likitanci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sai da sayans, da bayoloji da kemistiri da fiziks ko lissafi na zaɓi. Makarantar nas da ungozoma tana neman aƙalla C6, wato kiredit, a Turanci da lissafi da sayans na dole, da darussa uku na zaɓi. Gara sayans a makarantar B mai ɗakin gwaji da malamin kemistiri zaunanne da a tura ta fannin da ba ta so a makarantar A. Canjin fanni bayan an shiga yana da wuya ƙwarai. Ki je da ƙafarki ki tambayi abu uku: yara nawa ne a ajin sayans, ana yin gwaji da hannu ko a allo kawai ake zanawa, rijiyar burtsatse nawa ke aiki. Ƙarancin ruwa kan jawo wa 'yan mata ƙaiƙayi. Ki sabunta katin inshorar lafiyarta, ki shanya katifa a rana duk hutu saboda kuɗin cizo.

Tsohuwar Malama, Tafo:
Gaskiya ne, amma suna ma yana aiki. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ita ke gina ɗakin kwana, ta haƙa rijiya, ta sayi kayan gwaji. Makarantar da ta shekara 60 tana yaye mata tana da masu waiwayarta.

Malamin Lissafi, Asawase:
Mma, Allah Ya ƙara girma, amma makarantar da kika sani ba ita ce ta yau ba. Tun da karatun sakandare ya zama kyauta a Satumbar 2017 yara suka yi yawa, har a 2018 aka raba su rukuni biyu, kore da ruwan zinariya, wasu na aji wasu na gida. Ɗakin da aka gina wa 30 ba zai riƙe tarbiyyar da ba in an ninka yawan masu kwana a ciki. Wanda ke cikin aji yanzu shi ya kamata a saurara.

Tsohuwar Malama, Tafo:
Ɗana, kai lambobi ka sani, ban ƙi ba. Amma ka taɓa kwana kana gadin 'yan mata ɗari? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Hajiyar Alabar:
Ku yi haƙuri. Maman Ƴan Biyu, abinci: gari olonka 2 (gwangwanin awo), sukari, madarar gari, Milo, kifin gwangwani, da shito, wato soyayyen barkono. Shiton a soya shi har ruwan albasa ya ƙone ƙurmus, mai ya rufe samansa da kaurin yatsa, a zuba a kwalba busasshiya. Cokali mai laima sau ɗaya ya shiga, mako guda ya yi fumfuna. Ki rubuta sunanta da fenti a bokiti da adaka, da zare a jikin kaya. Kwaɗo mai makulli 3, ɗaya a wuyanta, ɗaya wurin malamar ɗakin kwana, ɗaya a gida. Waya kada ki ba ta, ƙwacewa ake yi. Kuma tun 2023 hukumar ilimi ta fitar da jerin kaya guda na ƙasa baki ɗaya, ki bi shi, kada ki sayi abin da ba ya ciki.

Alhaji Mai Goro:
Duk kun yi shiru kan babbar magana. Salla fa? Azumi fa? A 2021 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan hana ɗaliba Musulma azumi a Wesley Girls, har hukumar ilimi ta ce a bar mai so ta yi, iyaye su rubuto takardar ɗauke wa makaranta alhakin lafiyarta, cocin Methodist kuma ta ce ba ta yarda ba. Ga aske gashi. Yarinya ta balaga a ce ta yi ƙwal kamar namiji.

Nas, Bantama:
Askin kusan duk makarantun gwamnati ne, Baba, har na jeka-ka-dawo. Maganar salla da sahur kuwa kowace makaranta da halinta, a tambayi shugabar ɗalibai Musulmi ta wurin kafin a cike takarda.

Uwar Marayu, Moshi Zango:
Mu ne da laifi. Mishan sun gina nasu tun kakanninmu ba su haifi iyayenmu ba, mu muna ta kuka a ƙofar wasu. Biki ɗaya a zango, yayi, wato zanen anko, kala uku, mata ɗari biyu su saya. Kuɗin yayin shekara guda na Aboabo da Sawaba da Asawase ba zai gina ɗakin kwana ba?

Hajiyar Alabar:
A'a Yaya, kada a ɗora wa masu zane. Da ribar yayin nan muke biyan kuɗin darasin hutu da kayan makarantar 'ya'yanmu. Ki tambayi mazan da ke yanka sa biyu ranar suna, su ina nasu gudummawar?

Alhaji Mai Goro:
An dawo kan maza ke nan. Filin da aka ce an ware wa makaranta a unguwarmu shekarun baya, wa ya yanka shi ya sayar?

Maman Ƴan Biyu, Aboabo:
Iyayena na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma Litinin fa jibi ce. Tanoso zan rubuta a layin farko ko Oduom?

Tela, Akwatia Line:
Alhaji, maganar filin nan kada a rufe ta. A kira zama bayan sallar Juma'a, a zo da takardun.