Robar shaf na ta zubar da giris, ina neman shawara

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman kanikawa. Mota Golf 3 gare ni, robar shaf (wato robar da ke rufe kan ƙarfen da ke juya taya) ta gaba ɓangaren direba tana watso baƙin giris a bayan taya. Sau biyu ana canza ta cikin wata 4, na biyun ma a gabana aka wanke kan shaf da fetur, aka cika sabon giris. Robar ba ta yage ba, ta bakin ɗaurin yake fitowa, kuma da waya aka ɗaure maimakon kilif. Yanzu in na karya kwana sai in ji ƙas-ƙas. Wayar ce matsalar, ko kan shaf ɗin ne ya riga ya cinye? Da motar nake kai yara makaranta, ga damina ta kama. Don Allah a taimaka.