Kwana biyar a Santanbul, dan Allah ku duba min tsarin nan

Maman_Afnan:

Slm 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa zuwa Istanbul ya taimaka min da shawara. Insha Allah wata mai kamawa za mu je ni da maigida da Hajiya mahaifiyarsa da 'yarmu mai shekara shida, za mu sauka Asabar da dare mu taso Alhamis da safe. Matsalar kowa da abin da ya kai shi. Ni dai ba zan ɓoye ba siyayya ce a raina, labule da zanin gado da kayan yara, maigida kuma masallatai da wuraren tarihi, Hajiya ta ce ita dai a kai ta ziyarar kabarin sahabin nan Abu Ayyub shikenan buƙatarta ta biya, ita kuma ƙaramar tunda ta ga jirgin ruwa a waya ta hana mu sakat.

Ga yadda na tsara: Lahadi Grand Bazaar tun safe, Litinin masallatai, Talata fadar Topkapi, Laraba mu je tsibirin nan da ake cewa ba mota a cikinsa. Sai kuma tambayoyina, wace unguwa ya kamata mu kama otal? Tasi za mu riƙa hawa ko mu ɗauki mota da direba? Hajiya gwiwa na damunta ba ta iya doguwar tafiya. Sannan an ce min abincinsu lami ne ba yaji, da gaske ne?

Ɗan_Fatake:

Wa alaikumussalam Maman Afnan. Allah ne ya sa kika tambaya, don tsarin nan naki kwana biyu a ciki a bakin ƙofa za ku tsaya kuna kallon makulli. Grand Bazaar ba a buɗe ta ranar Lahadi, Topkapi kuma Talata ce ranar hutunta. Kawai ki musanya su, Topkapi ta koma Lahadi, kasuwa ta koma Talata.

Maganar mota da direba ki cire ta a ranki. Garin nan mutum sama da miliyan 15 ne a cikinsa, cunkoso kaɗai zai cinye muku rabin yini kuna zaune a baya kuna kallon agogo. Akwai jirgin titi da suke kira tramvay, layin T1, shi ne gatan baƙo, ya bi ta Laleli, ya tsaya a Beyazit ƙofar Grand Bazaar, ya wuce Sultanahmet inda manyan masallatan suke, ya gangara Eminonu bakin ruwa ya haye gada zuwa Karakoy har Kabatas. Kusan duk abin da kika lissafa yana kan layin nan. Ku sayi katin Istanbulkart a injin tasha ku zuba masa lira, da shi za ku hau tramvay da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa har da jirgin fito. Tasi sai ranar sauka da ranar tashi saboda kaya, kuma ku tabbata ya kunna mita kafin ya ja. Ki duba tikitinku ma, filin jirgi biyu ne, babban sabon nan a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, dukansu nesa suke da tsakiyar gari.

Siyayya kuwa gaskiya ɗaya ce, Grand Bazaar wurin kallo ne. Tun zamanin Sarki Muhammad Alfatih aka fara ta, lunguna 61 a rufe, shaguna wajen 4,000, sai kin ɓata sau uku kafin ki gane ƙofar da kika shigo. Ki shiga ki sha kallo ki sha shayin da za su miƙo miki, amma kuɗin labulenki ki riƙe shi, ki fita ta baya ki bi gangaren Mahmutpasa, nan 'yan gari suke sayen kayan ɗaki da na yara. Laleli da Merter da Osmanbey na 'yan sari ne, za ki ga riga ta burge ki ki ce a ba ki ɗaya su ce sai dai seri, wato duk lambobinta daga ƙarami zuwa babba a ƙulli guda. In kaya sun yi yawa akwai masu kago birjik a Laleli da Aksaray, a auna a gabanki ki karɓi rasit. Otal ni a Laleli nake sauka kullum.

Anti_Mai_Yawo:

Ɗan Fatake duk na yarda da kai banda Laleli. Kai ɗan kasuwa ne kai kaɗai da jakarka, ita da tsohuwa da yarinya za ta je, unguwar nan daga safe har dare masu tura kaya ne da hayaniya. Ƙanwata ki nemi Sultanahmet ko Sirkeci, amma kafin ki biya ki tambaye su abu biyu: akwai lifta? kuma minti nawa ne zuwa tasha, hawa ne ko shimfiɗa? Domin taswirar waya ba ta nuna tudu. Ni na taɓa kama wani otal an rubuta mita 300 daga tasha, ashe mita 300 ɗin nan tsaye suke kamar tsani ga dutsen da aka shimfiɗa yana kama tayar akwati, mahaifiyata sai da ta zauna sau biyu a dakalin mutane tana haki, wata kyanwa ta zo ta haye cinyarta ta kwanta abinta, don garin nan kyanwa ce mai unguwa.

Tsibirin nan da kika ce, wato Buyukada, ki haƙura da shi a wannan karon. Kusan awa ɗaya da rabi ne a ruwa zuwa kawai, can ma yawo ne da hawa. Jirgin ruwan da Afnan take so yana nan Eminonu, na haya da ma'aikata ke hawa zuwa Uskudar ko Kadikoy, da katin nan naku, cikin minti ashirin kun bar Turai kun shiga Asiya. Ku hau dab da magariba. Ki saya mata simit, burodi ne zagaye kamar awarwaro an barbaɗe shi da riɗi, ku zauna a waje ta baya, ta riƙa gutsura tana jefawa sama, tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafkewa tun bai faɗo ba. Mai shayi zai zagayo da tire, ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu da sukari biyu a gefe, ga kiran sallah yana tashi daga gaɓar nan yana amsawa daga waccan. Wlh duk kuɗin da na kashe a garin nan ba abin da ya kai wannan minti ashirin ɗin.

Abinci ba lami ba ne, yaji ne dai ba sa zubawa a tukunya. Ki ce pul biber, dakakken jan barkono ne, kusan kowane tebur akwai shi. In kina son mai ɗan zafi ki ce Adana kebap. Ki guji gidajen abincin da wani ke tsaye a ƙofa da takarda mai hotuna yana jan hannun mutane, ki leƙa lungu ki nemi inda aka rubuta lokanta, abinci a jere bayan gilashi, ba sai kin iya yarensu ba nuni kawai za ki yi da yatsa. Hajiya za ta ji daɗin mercimek, romon adas ne mai laushi ana matsa masa lemon tsami. Kifin da ake sawa cikin burodi a Eminonu kuwa ki cire wa yarinya ƙaya tukuna.

Sai ki ja kunnen maigida: in shushaina ya wuce gabansa buroshinsa ya faɗi, kar ya ɗauka. Da gangan ne, yana miƙa masa zai ce bari ya goge masa takalmi don godiya, a ƙarshe ya tsuga kuɗi.

Malam_Na_Gefe:

Ƙari kaɗan a kan ɓangaren Alhaji da Hajiya. Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna kallon juna ne, fili ɗaya ya raba su, Topkapi kuma tana bayan Aya Sofiya, ashe yini ɗaya ya ishe su in an yi sammako. Ita Aya Sofiya a shekarar 537 aka gama ta a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka maida ta gidan tarihi a shekarun 1930, ta dawo masallaci a 2020. Tun farkon 2024 masu zuwa kallo ƙofarsu daban kuma biya suke, bene ake hawa da su, to ga mai ciwon gwiwa gara ku daidaita zuwanku da lokacin azahar ku shiga sahu.

A Topkapi kar ku tsaya ɓata ƙarfin Hajiya a ɗakunan tangaran, ku miƙe sashen amanoni masu tsarki, inda aka ajiye kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, an fara tara su ne bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517, kuma za ku tarar da mai karatun Alƙur'ani a zaune yana yi. Layin wurin yana tsawo da hantsi.

Kabarin Abu Ayyub al-Ansari yana Eyupsultan, daga Eminonu akwai tramvay T5 da ke bin gaɓar ruwa har can, wurin shimfiɗe yake. Ku ba shi safiyar Litinin, ban da Juma'a da ƙarshen mako ba a cika matsi ba.

Maman_Afnan:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, yanzu na karanta wa Hajiya tana ta sa muku albarka. Na gyara: Lahadi Topkapi da masallatan biyu, Litinin Eyup da safe jirgin ruwa da yamma, Talata da Laraba nawa ne ni kaɗai, maigida ya riƙe 'yarsa. Anti to kayan ƙamshi da baklawa, kayan zaƙin nan nasu, na tsaraba fa, a ina?

Anti_Mai_Yawo:

Kasuwar Masar da ke Eminonu kusa da Yeni Cami, amma ki zagaya shagunan da ke jikinta ta waje sun fi na ciki sauƙi. Baklawa kuma sai Laraba da yamma, ki ce ta tafiya ce su naɗe miki kwalin da leda sosai, kuma kar ki kuskura ki haɗa ta akwati ɗaya da sabon labule, ni ruwan sukarin ya taɓa bi min ta cikin farin zanin gado har yau tabon bai fita ba.