Madogaran da na liƙa a jikin jerin DNA sun ɓace, ina ya kamata in riƙa ajiye su?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah ku agaza min da shawara. Digiri na biyu nake yi, a kan sauye-sauyen da ke sa ƙwayar maleriya ta bijire wa magani, a ƙwayoyin halittarta guda uku, pfcrt da pfdhps da kelch13. Duk maƙalar da na karanta na ga ta ambaci wani sauyi, sai in buɗe fayil ɗin GenBank, wato mai ɗauke da jerin DNA tare da bayanansa, in je daidai wurin, in kwafe sunayen marubuta da shekara da sunan mujalla in zuba a cikin /note, gurbin ƙarin bayani. Wata bakwai ina wannan aikin. Makon jiya na juya fayilolin zuwa wani tsarin fayil, FASTA, don in jera su in kwatanta, filashina ya cika na goge na asali. Da na buɗe, wayam, ba ko madogara ɗaya. Allah ya sa akwai tsohon kwafi a imel, amma na wata uku baya ne. Na gwada mayar da shi wani tsarin kuma, GFF3, manhajar ta ƙi karɓa. Abin da ya fi ƙona min rai, malamin da ke duba kundina ya nuna I431V, wani sauyi a pfdhps, ya ce, "Wa ya ce wannan yana jawo bijirewa?" Na yi tsuru-tsuru, don maƙala huɗu na liƙa a wurin, ban san wacce ta faɗi me ba.

Wani mai rubuta manhaja: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya mayar da alheri. FASTA ba ta cinye miki komai da gangan ba, wurin ajiyar ne ba ta da shi. Layi ɗaya na suna, sai haruffan DNA, shi ke nan. Ita kuwa GFF3, a gurbi na tara waƙafi da waƙafi mai ruwa da alamar daidai duk suna da aikinsu, su ne ke raba bayani da bayani. Jerin sunayen marubuta kuwa cike yake da waƙafi, shi ya sa ta rikice. Ana iya sauya su da %2C da %3B da %3D, amma wahala ce ba gaira ba dalili. Rubuta Dbxref=PMID: sannan lambar maƙalar ta PubMed, rumbun maƙalun lafiya, kawai. Idan DOI za ki sa, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ki lura, wasu tsofaffin DOI suna ɗauke da waƙafi mai ruwa a tsakiyarsu. Ya taɓa cinye min dare guda kafin na gano.

Wata malama mai bincike kan maleriya: Ƙanwata, ɓatan fayil ƙaramin abu ne, tambayar malaminki ce babba, kuma ya yi miki gata da ya yi ta yanzu ba ranar kare kundi ba. Abin da kika yi kamar mutum ne ya kawo hadisi huɗu ya haɗa musu isnadi ɗaya. Kowace magana da nata mai ruwaya. Ba jerin DNA ake jingina wa madogara ba, magana ake jingina wa.

Ɗauki I431V ɗin. An gan shi a samfuran Najeriya da Kamaru, sau da yawa tare da A437G da A581G da A613S, kuma ya dame mu ne don sauyi a pfdhps maganin sulfadoxine-pyrimethamine yake shafa, wanda shi ake ba masu juna biyu, shi ake haɗawa da amodiaquine a ba yara lokacin damina a arewacin Najeriya da Nijar. To amma maƙalar da ta ce "mun same shi a samfura kaza" daban take da wadda ta gwada a ɗakin gwaji ta nuna ya rage ƙarfin magani. Idan kika zuba su a kwando ɗaya, wata rana za ki rubuta a kundi cewa an tabbatar da abin da ganinsa kawai aka yi. Dubi kelch13: maƙalar Ariey da abokan aikinsa ta 2014 a Nature ce ta danganta shi da bijire wa maganin artemisinin, aka samu R561H a Ruwanda a rahoton 2020, kuma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ware sauye-sauyen da aka tabbatar, irin su C580Y da R561H, daga waɗanda ake zargi kawai. Manyan rumbunan bayanai haka suke yi. A fayilolin Gene Ontology, rumbun ayyukan ƙwayoyin halitta, gurbi na 6 madogara ne, na 7 irin hujjar: IDA idan gwaji kai tsaye ne, IEA idan kwamfuta ce ta yi hasashe ba wanda ya duba. UniProt kuma, rumbun bayanan furotin, tana sa ECO:0000269 tare da lambar PubMed idan hujjar gwaji ce.

Ni abin da nake yi, tebur ɗaya, kowane layi magana ɗaya: ƙwayar halitta, sauyi, abin da aka ce, irin hujja, ƙasar samfurin, lambar maƙala, da shafi ko hoton da na gani. Maƙala ɗaya tana iya cin layi biyar, ba laifi.

Wani ɗalibin digiri na uku: Anti ta gama magana, amma kada a manta GenBank kanta tana da gidan madogara. A saman fayil akwai REFERENCE, da AUTHORS da TITLE da JOURNAL da PUBMED a ƙarƙashinta, sai a jikin alamar da kika yi wa sauyin ki rubuta /citation=[2] ta nuna madogara ta biyu. Akwai kuma /experiment, wanda ke karɓar lambar PubMed. A manhajar Biopython za ki same su a annotations["references"]. Me ya sa za a buɗe wani tebur daban?

Mai rubuta manhaja: Malam, ka haɗa fayil biyu ka ga yadda za ta kaya. Lamba 2 a wannan ba ita ce lamba 2 a wancan ba, kuma ba abin da zai yi maka ƙorafi, shiru za ta nuna maƙalar da ba ita ba. Gara ɓata a kan haka. Tebur ya zama uwa, fayil ɗin GenBank a riƙa fitar da shi daga tebur duk lokacin da ake so.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Amma Anti, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na karanta daga mujallunmu na gida ne da kundayen ɗalibai, ba su da lambar PubMed. Su fa?

Malamar: Fara da neman DOI, wasu na AJOL, rumbun mujallun Afirka, suna da shi ko da PubMed ba ta ɗauke su ba. Wanda ba shi da komai, ki ba shi lamba taki, kamar KUNDI-01, ki ajiye cikakken bayaninsa da hoton shafin a Zotero, manhajar ajiye madogara. Zotero tana da wani amfani kuma: idan an janye maƙala tana yi mata jan tambari. Sannan kada ki rikita PMID, lambar PubMed, da PMCID, lambar PubMed Central, na biyun da PMC yake farawa, idan kika cire haruffan kika bar lamba za ta kai ki wata maƙala can daban.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji: Abu ɗaya ban ga an taɓo ba. Lambar 76 da ke cikin K76T, wani sauyi a pfcrt, lissafin amino asid ce, ba na haruffan DNA ba, kuma pfcrt gutsure 13 ne da tazara a tsakani, don haka 76 sau 3, haruffa uku ga kowane amino asid, ba zai kai ki wurin ba. Ki rubuta lambar PlasmoDB, rumbun bayanan ƙwayar maleriya, a teburin, PF3D7_0709000 ta pfcrt, PF3D7_0810800 ta pfdhps, PF3D7_1343700 ta kelch13, da fitowar rumbun da kika sauke. Biopython daga sifili take ƙirge, GenBank daga ɗaya. Kuma idan Excel za ki buɗe teburin da ita, ki mai da gurabun duka rubutu tukuna, ita ce fa ta riƙa mai da sunan ƙwayar halitta SEPT2 kwanan wata har aka sauya wa ƙwayar suna.

Mai rubuta manhaja: Idan kin tara lambobin, turo min in ba ki 'yar manhajar da ke jawo sunaye da take daga NCBI, hukumar da ke kula da PubMed. Buƙata uku a daƙiƙa suke yarda idan ba ki da mabuɗin da suke ba masu rajista, ki bar ta ta yi a hankali.

Mai tambaya: Na fara jiya da daddare da I431V. Cikin maƙalu huɗun nan, uku ganinsa kawai suka yi a samfura, ta huɗun ma ashe bita ce ta ambato ɗaya daga cikin ukun. Gobe zan kai wa malam layi ukun. Yaya mai manhaja, zan turo lambobin idan na gama pfdhps.