Tambaya: Yaya ake ƙiyasta kuɗin Biyafara a rabon gado?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar tsofaffin kuɗi. Rabon gadon wani tsohon soja ya tsaya a wani ƙauye kusa da Ringim, saboda damin takardun kuɗin Biyafara da aka tarar a adakarsa. Malamin da ke rabon ya ce sai an san ƙimarsu tukuna.

Banki dai ba ya karɓarsu. Ko fam ɗin Najeriya ma naira ta maye gurbinsa tun 1973. Darajarsu tana wajen masu tara kayan tarihi kaɗai. Fam ɗaya na 1969 ya yi yawa a hannun mutane, musamman marar lamba (wato lambar jeri da ake bugawa a jikin kowace takardar kuɗi), don haka ba ya tsada. Amma a damin akwai fam biyar da fam goma masu lamba, da sule biyar na fitowar 1968.

Ga inda aka maƙale: danshin damina ya manne su, fil ɗin da aka soke su da shi ya bar tsatsa a kusurwa. Wankewa ko guga na karya musu farashi. Yaya za a ɓanɓare su ba tare da sun yage ba? Kuma wa zai iya tantance su a Kano, ya faɗi farashin da magada za su amince da shi?